Makarantar 'Yan Mata da Gadon Dandali

 

Ba a nan Burumburum za a tsaya kafa hujja a kan halaccin karatun 'ya mace ba, domin garin da Sarkin Kano Alwali ya gamu da ajalinsa a cikinsa a 1807, aka rufe babin yaƙin jihadi a ƙasar Kano, ya san cewa jagoran wannan jihadi, Shehu Usmanu, ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci a littafinsa Nurul Albab, kuma 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajoji suna bin ƙauyuka suna karantar da mata, alhali kuwa mafi yawan darasin a waƙe ake rera shi. Mas'alar da ta kawo ni ita ce abin da yarinya take yi tsakanin tashi daga aji da kwanciya barci.

Wanda ya san makarantar kwana ya san tsarinta. Ƙararrawa ta tashi ɗalibai da asuba, a yi salla, a yi layin ruwa da bokiti, a share ɗaki da harabarsa, a sha koko, a shiga aji. Da rana a ci abin da ya samu, wanda bai samu ba a cike gurbinsa da garin kwaki da ƙuli-ƙulin da uwa ta ƙullo ranar ziyara. Da dare a koma karatu. A cikin wannan zama ne yarinyar Kiru take haɗa gado da ta Riruwai, babba ta ɗauki ƙarama ta zame mata uwar ɗaki, ta koya mata wanki da kitso da haƙuri da mutane, wanda duk ba ya cikin manhaja kuma ba a jarrabawa a kansa.

To, a dā akwai dandali. Idan farin wata ya fito, 'yan matan unguwa sukan yi da'ira suna gaɗa, ɗaya ta ba da waƙa sauran su amsa da tafi, ta faɗo da baya ƙawayenta su cafe ta. Idan azumi ya kwana goma su fita tashe, su yi Mairama da Daudu, su kwaikwayi zaman aure da hikimar da babba zai ji ya yi shiru. A cikin gida kuwa ga shantu ga kiɗan ƙwarya. A nan ne 'yar Bahaushe take koyon ɗaga murya a gaban jama'a, da shirya magana nan take, da mayar da habaici ba tare da zagi ba, wato abin da malaman balaga suke kira fasaha. Yau dandali ya yi rauni ƙwarai, wayar hannu da finafinai sun ɗauke hankali, tsoron dare kuma ya sa iyaye rufe ƙofa da wuri, kuma ban ga laifinsu ba, musamman mutanen da ke maƙwabtaka da dajin Falgore, bayan sace ɗalibai mata da aka yi a Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Jangebe a 2021. Saboda haka babu wani fili da ya rage wanda 'yan mata ɗari za su taru cikin aminci, a ƙarƙashin idon malama, in ba harabar makaranta ba.

Abin da yake damuna shi ne yadda muka mayar da wannan gado ado na yini guda. Sau ɗaya a shekara a yi ranar al'adu, a ɗaura wa yara saƙi, a aza musu ƙwaryar fura, su yi rawa a gaban manyan baƙi, a ɗauki hoto, sa'an nan a ninke kayan a akwati sai baɗi. Wannan daidai yake da shuka masara a bar ta ba noma, a dawo da kaka ana neman zangarniya, kuma manomin Tudun Wada ya san ƙarshen irin wannan gona. Yarinyar da ba ta taɓa tsayawa a muhawara ba, ba ta taɓa hawa dandamali ta fito a wasan kwaikwayon Uwar Gulma ko Zamanin Nan Namu ba, ba ta zauna gaban alƙalan musabaƙa ta ja baƙi da tajwidi ba, ita ce gobe za ta zama ungozoma ko malama, ta kasa buɗe baki ta yi wa mai gida bayanin abin da ke damun iyalinsa.

Na san mafi yawan 'ya'yanmu a wannan yanki na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa 'yan jeka-ki-dawo ne, ana tashi sai su kama hanyar ƙauye, ga talla ga surfe ga raino suna jira, balle lokacin girbin shinkafa. Su ne suka fi bukata. Roƙona ga shugabannin makarantu shi ne a yanke sa'a guda a kowace Alhamis domin gaɗa da muhawara da wasan kwaikwayo, a cikin lokacin karatu ba bayansa ba, a rubuta ta a jadawali kamar yadda aka rubuta lissafi. Roƙona ga iyayen ƙasa kuwa, su nemo mana tsofaffin matan da har yanzu suke riƙe da waƙoƙin gaɗa da na daka da na niƙa, a kawo su makaranta da girmamawa, ɗalibai su ji daga bakinsu su rubuta a littafi, malaman addini su duba su tace abin da bai dace ba, a ajiye kwafi a ɗakin karatu na kowace makaranta.