ALAMOMIN SHIGOWAR DAMINA DA LOKACIN SHUKA

Jawabin Malamin Gona ga Manoman Ƙasar Kankiya da Kusada

Allah ya ja zamanin dagatai da masu unguwanni. Sarkin Noma, barka da war haka. Iyayena da yayyena manoma, sannunku da zafin bazara.

Maganar da ta tara mu yau guda ce: yaushe ya kamata a sa iri a ƙasa? Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Haka damina take, tana aiko da 'yan saƙo kafin ta iso. To amma alamomin nan iri biyu ne. Akwai waɗanda ke cewa "ku shirya", akwai waɗanda ke cewa "ku shuka". Manomin da ya haɗa su wuri ɗaya shi ne ke asarar iri.

ALAMOMIN DA KE CEWA A SHIRYA

1. Iska. Duk tsawon hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, busasshiya, mai ƙura. Idan bazara ta yi nisa sai ta juya, ta riƙa zuwa daga kudu maso yamma, ɗauke da laimar teku. A lokacin ne za ka ji gumi ya hana barci, gishiri ya fara jiƙa a cikin ƙwarya, ruwan randa ya rage sanyi. Shi kuwa hadari, kun sani, daga gabas ya fi haɗowa.

2. Itatuwa. Kukar da ta yi rani tsirara sai ta fara tofo tun ba a sami ɗigon ruwa ba. Tsamiya ta yi sabon ganye. Ɗorawa ta nuna, yara su shiga shan garinta. Gawo kuwa nasa hali daban ne: ya yi rani kore shar, damina na matsowa sai ya fara kakkaɓe ganye. Ku lura, kuka da ruwan da ta ajiye a jikinta take yin wannan tofo. Zafi da laimar iska ne suka tashe ta. Saboda haka lokaci take faɗa mana, ba ta san ranar da ruwa zai sauka ba.

3. Shamuwa. Wannan tsuntsuwa baƙuwa ce mai dogon zango. Idan ta bar mu da kaka, can kudancin Afirka take tafiya, wajejen Zambiya da Zimbabuwe, inda damina ke sauka lokacin da muke rani. Wajen watan Afrilu zuwa Mayu take komowa, ta yi sheƙa a kan kuka ko tsamiya a tsakiyar gari. Abincinta fara da tsutsa, watau ma'aikaciyar gona ce da ba a biyan ta lada. Iyayenmu sun hana a jefe ta, kuma sun yi gaskiya. A ci gaba da kwaɓar yara masu danƙo.

Idan ka ga waɗannan alamomi uku, ka sani ba a fafe gora ranar tafiya. Ga ayyukan da ke gabanka:

(a) Ka gama sharar gona. Kada ka ƙone komai da komai. Karan da ya rage a ƙasa yana tare iska, yana riƙe laima.

(b) Ka gama kai takin gargajiya, ka baza shi, don ruwan farko ya shigar da shi ƙasa.

(c) Ka gwada irinka. Ƙirga ƙwaya 100, ka shimfiɗa a kan jiƙaƙƙen tsumma, ka rufe, ka ajiye a inuwa, kana yayyafa ruwa kullum. Bayan mako ɗaya ka ƙirga waɗanda suka tsiro. In sun kai 80, iri yana da kyau. In rabi ne kawai, nemi wani tun kasuwa ba ta tashi ba.

(d) Ka sayi maganin cuɗa iri, ka bi abin da aka rubuta a jikin takardarsa. Kada a bar yara su taɓa shi, kada kuma a ci ragowar irin da aka cuɗa.

(e) Ka duba garma da galma, ka kai wa maƙeri abin da ke son gyara. Shanun huɗa kuma a ƙara musu harawa da dusa, gama yunwar bazara ta rame da su.

RUWAN FARKO

Nan ne wurin da ake faɗawa rami. Bari in ba ku labarin kaina. Shekarar da na fara aiki, aka yi ruwa mai ƙarfi a farkon Mayu. Ni kuwa da sabuwar takardar makaranta a aljihu, washegari na shuke gonar gwaji da gero. Wani dattijo da ke maƙwabtaka da gonar ya tsaya yana kallo, ya ce, "Malam, kwaɗi ba su yi magana ba tukuna." Na ce, "Baba, ai ƙasa ta jiƙa." Bai ƙara cewa komai ba. Gero ya tsiro gwanin sha'awa. Daga nan sama ta ɗauke har kusan mako uku, rana da iska mai yashi suka ƙone shi ƙurmus. Ranar da nake sake shuka, shi ranar yake yin ta farko, irinsa yana nan cif a cikin tukunya. Tun daga ranar nake sauraron kwaɗi.

A wannan ƙasa tamu, daga Rimaye da Kafinsoli har Mawashi da Yashe, ruwa yakan fara leƙowa a watan Mayu, amma galibi sai cikin Yuni yake zama sosai, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Manya a cikinku ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. A irin waɗannan shekaru, mudun iri ɗaya da aka tsare shi ne abincin gida na baɗi.

ALAMOMIN DA KE CEWA A SHUKA

1. Kwaɗi sun cika dare da kuka. Ba sa yin haka sai kududdufi ya riƙe ruwa.

2. Shinge ya tashi da yamma, jan ƙwaron nan mai laushi da muke kira damina ya fito a kan yashi, ciyawa ta tsiro a bakin hanya ba ta bushe ba.

3. Babbar shaida ita ce ƙasa kanta. Ka je gonarka, ka tona a wurare uku ko huɗu. In laima ta kai zurfin kamu ɗaya, kuma ka dunƙula ƙasar ta riƙe ba ta warwatse ba, to ta ƙoshi. A ma'aunin ruwan sama, wannan yakan yi daidai da inci ɗaya, watau milimita 25, a cikin kwana ɗaya ko biyu. In ka tarar da busasshiyar ƙasa a ƙarƙashin yatsu uku, koma gida ka jira.

Na san wasu za su ce, "To Malam, binne fa?" Binne al'ada ce, kuma wata shekara yakan ci. Sai dai caca ce: yayyafi kaɗan ya isa ya sa iri ya tsiro ya mutu, ga zabi da kurciya da ɓeraye suna tono. In dole sai ka yi, yi da gero kaɗai, a ɓangare ɗaya na gona, ka ajiye rabin iri a gida. Gyaɗa da wake da masara kada a binne su. In kuma damina ta makara, nemi iri mai saurin nuna, kamar geron SOSAT da ke yi cikin wata uku.

Haka kuma hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Ku saurare shi a rediyo, ku tambayi malaman gona na KTARDA abin da ya ce game da ƙaramar hukumarku. Ku haɗa shi da abin da idonku ya gani.

A BAR ITATUWA A GONA

Magana ta ƙarshe. Shamuwa a kan itace ta fi yin sheƙa, kuma wanda ya sare kuka da gawo ya sare masu ba shi labari. Gawo ba ya yi wa shuka inuwa da damina, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi ne da rani. Ku dubi yadda gero ke yi a gindinsa. Maƙwabtanmu na ƙasar Maraɗi, tun bayan farin 1984, suka shiga barin tohon itatuwa a gona lokacin sassabe, suna rage rassa suna barin ɗaya ko biyu masu ƙarfi. Yau gonakinsu sun cika da itatuwa. Bana kowa ya bar ko da toho goma a gonarsa.

Iyayena, da sanyin safiya ake kama fara, amma gaggawa aikin Shaiɗan ce. Mu shirya da wuri, mu shuka a kan laima. Mai tambaya ya same ni bayan taro, ko ya tuntuɓi malamin gona mafi kusa da shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga fari da fara. Wassalamu alaikum.