Haɗarin Mota: Aiki da Ɗan Abin da ke Hannu



Tun 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, amma har yanzu haɗurran karkara da yawa ba sa shiga littafin kowa: a binne mamaci kafin la'asar, magana ta ƙare. Sai dai ƙarancin alƙaluma ba hujjar naɗe hannu ba ce. Muna kira a horar da ma'aikatan ƙananan hukumomi kan abu uku.

Na farko, su gwama rajistar 'yan sanda da ta asibiti da bayanin direbobin tasha, su sa alama a taswira. Na biyu, su zauna a mararraba su ƙirga sau nawa motoci suka kusa karo, dabarar da masanan Jami'ar Lund ta Suwidin suka inganta. Na uku, su auna gudun motoci da agogo tsakanin turaku biyu, domin a cewar Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙarin gudu kashi 1 cikin 100 kan ƙara yiwuwar mummunan haɗari da kashi 4.

Kada mu jira gawa ta nuna mana muguwar kwana. Allah ya kiyaye hanya.