Kuɗin Ceton Bankuna: Wa Ya Ci, Wa Ke Biya?



An ba ni minti goma in yi magana a kan kuɗin da gwamnati kan fitar don ceton bankuna, to bari in fara da abin da ya faru a nan gida, tun da shi ne ya taɓa aljihun iyayenmu.

Ranar 14 ga Agusta, 2009, Gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya sallami shugabannin bankuna biyar, watau Intercontinental, Oceanic, Union, Afribank da Finbank, ya kuma zuba musu naira miliyan dubu 420. A watan Oktoba aka ƙara miliyan dubu 200 ga wasu huɗu, jimla ta zama miliyan dubu 620. Bankunan nan sun ɗebi ajiyar jama'a sun ba da rance ga masu cinikin hannun jari da 'yan kasuwar man fetur, wani lokaci ma ga 'yan'uwa da abokan arziki ba tare da jingina ta kirki ba. Da kasuwar hannun jari ta faɗi a 2008, sai asiri ya tonu.

Ni ban zo in ce kada a yi ceto ba. In banki ya rushe, mai gidan sama ba ya kwana da yunwa; malamin firamare da ya ajiye albashinsa da mai sayar da atamfa a Kantin Kwari su ne za su yi kuka. Lalle kuma an yi abin yabo guda: Babban Banki ya buga sunayen manyan masu cin bashi a jaridu, har wasunsu suka fito suna musun lissafin. Wannan musu ma alheri ne, domin an yi shi a fili, kowa na ji.

Amma ku dubi abin da ya biyo baya. A 2010 aka kafa hukumar AMCON don ta sayi rubabbun basussukan daga hannun bankuna, ita kuma ta bi masu bashin. Ma'anar wannan, a taƙaice, ita ce bashin da mutum ɗaya ya ci ya koma wuyan hukumar gwamnati. Nauyin da hukumar ta ɗauka ya kai wajen naira tiriliyan 5. An ce bankuna ne ke biya ta hanyar kason da ake yanka musu kowace shekara. To, banki a ina yake samun nasa kuɗin, in ba daga jikin masu ajiya ba? Tun a 2009 wasu 'yan Majalisar Wakilai suka tambaya ko Babban Banki na da ikon fitar da kuɗi haka ba tare da amincewar majalisa ba, aka amsa musu da cewa rance ne. Mu ɗauka rance ne. Ashe mai rance ba ya buƙatar sanin ranar biya?

Batun hukunci kuwa, Cecilia Ibru ta Oceanic ta amsa laifi a 2010, aka yanke mata wata shida, ta kuma mayar da dukiya mai ɗimbin yawa. Francis Atuche na Bank PHB sai a 2021 kotu ta yanke masa hukunci, shekara 12 bayan an sallame shi. Yaron da ya shiga aji ɗaya a shekarar ceton ya gama sakandare kafin alƙali ya rufe littafi.

Saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya tamu, Shugaba, ta rubuta wa 'yan majalisar da ke wakiltar mazaɓunmu, bisa ga dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, su nemo mana lissafi uku: nawa aka karɓo daga kowane babban mai bashi, wa aka yafe wa kuma bisa wane dalili, sannan kadarorin da aka ƙwace wa ya saye su, a kan nawa. In sun amsa, sai mu buga amsar a wannan mujalla. In sun yi shiru, mu buga wasiƙar da ranar da muka aika ta.