Kwamfuta a Bakin Ƙofar Masana'anta



An nemi mu yi magana a kan kwamfuta da intanet da labaran kimiyya, domin an san mu da son waɗannan abubuwa. Ba mu musu. Mu ne waɗanda ba mu karya kumallo sai mun duba abin da aka ƙago a Amurka ko Sin cikin daren jiya, mu ne kuma masu gardama a ɗakin kwana har tsakar dare kan wace manhaja ta fi wata. Amma yau muna roƙon ku yi mana uzuri, mu ɗauke maganar daga fuskar waya, mu kai ta wurare uku na garin nan waɗanda yawancinmu sai dai mu wuce ta gefensu cikin adaidaita sahu, watau Bompai da Sharaɗa da Challawa. Ƙorafinmu guda ɗaya ne: ilmin kwamfuta da muke taƙama da shi ya shiga banki, ya shiga kasuwa, ya shiga aljihun kowa, amma ya tsaya cik a bakin ƙofar masana'anta.

Kano ba baƙuwar ƙere-ƙere ba ce. Sa'ad da Bature Heinrich Barth ya zo a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufafin da ake saƙawa a rina a nan, da takalman fata da ake kai wa ƙasashe masu nisa. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, gyaɗa ta yi daraja, aka kafa Bompai tun zamanin Turawa. Daga baya, musamman a shekarun 1970 da kuɗin mai ya kwararo, aka buɗe Sharaɗa kashi-kashi har uku, sa'an nan Challawa a bakin kogi. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 suka shigar da attajiranmu cikin harkar. Iyayenmu sun ga lokacin da ake haɗa keken Raleigh a garin nan, ana haɗa manyan motoci a hanyar Zariya, masaƙu irin su Bagauda da Gaskiya kuma suna aiki dare da rana.

Abin da ya biyo baya kun san shi. Daga 1986, da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta zube, kayan gyaran inji suka gagari masu shi, wuta ta zama sai an ga dama, atamfar waje kuma ta cika Kantin Kwari. Ku lura da wani abu: wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, daidai shekarun da masaƙu ke yin shiru ɗaya bayan ɗaya. Mun tashi da waya a hannu, ba mu tashi da ƙarar inji a kunne ba. Shi ya sa idan aka ce fasaha, abin da ke zuwa ranmu shi ne abin da ake latsawa da yatsa.

Ba raina wayar muke yi ba. Duk wanda ya ga wahalar ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 ya san amfanin tura kuɗi ta waya, domin har mai shayi da mai ƙosai sai da suka koyi karɓa. Yaran da ke gyaran waya a Farm Centre da titin Beirut sun koyi abin da ba a koya musu a wata makaranta ba, kuma muna jinjina musu. Sai dai idan kuka duba, kusan duk manhajojin da suka yi kasuwa a wajenmu na saye da sayarwa ne. Suna sauƙaƙa biyan kuɗin kayan da wani ya ƙera a wata ƙasa. Wayar Tecno da ke aljihun da yawa daga cikinmu, kamfanin da ke yin ta a birnin Shenzhen na ƙasar Sin yake. Wannan birni kuwa, da aka ware shi domin masana'antu a 1980, da ƙananan masana'antun haɗa kaya ya fara, masu manhaja suka tsiro daga baya a gindin masu ƙira.

Ranar 14 ga Maris 2024 ta ƙara mana darasi. Wayoyin intanet da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, nan take bankuna da ofisoshi suka shiga halin ni-'yasu. Ashe abin da muke ɗauka iska ne, igiya ce da gilashi da ƙarfe da wuta, kuma wani ne ya ƙera su.

To, bari mu shiga Sharaɗa. Kwanakin baya mun ziyarci wata masana'antar roba a can, inda ake yin bokiti da kujeru. Injin yana narka ƙwayoyin roba da zafi, ya tura su cikin mazubi, a fito da kaya. Muna tsaye aka ɗauke wuta. Kafin janareta ya kama, robar da ke cikin injin ta fara daskarewa, sai da aka sake ɗumama shi, aka zubar da abin da ya lalace, sa'an nan aiki ya ci gaba. Muka tambayi shugaban ma'aikata, muka ce, "Malam, sau nawa hakan ta faru a watan nan, kuma nawa aka yi asara?" Ya yi dariya, ya jawo wani littafi da maiƙo ya cinye bangonsa, ya ce duk abin da aka tuna aka rubuta yana ciki. A ofishin sama kuwa akwai kwamfuta sabuwa fil, aikinta buga wasiƙa da rasit.

Wannan littafi mai maiƙo shi ne ya kawo mu nan yau. Wuta ita ce babbar cutar masana'antunmu, kuma manhaja ba ta haifar da wuta. Maganin wannan yana hannun manya: kamfanin KEDCO da ya karɓi rabon wuta a Kano da Katsina da Jigawa a 2013, da tashar hasken rana mai megawat 10 da aka buɗe a Challawa a Janairun 2023, da bututun iskar gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta ta Kaduna zuwa Kano wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, da dokar wutar lantarki ta 2023 da ta bai wa jihohi ikon tsara harkar wutarsu. Amma akwai abin da ke hannunmu. A Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wuta na masu rukunin A zuwa naira 225 kowane kilowat-awa, bisa alkawarin wutar awa 20 a rana. Litar man dizal guda kuwa, a janareta mai lafiya, abin da take bayarwa bai wuce kilowat-awa uku zuwa huɗu ba. Mai masana'antar da bai san awa nawa ya samu wuta ba, bai san lita nawa ya ƙona kan kowace kujera ba, yaya zai sa farashi, yaya kuma zai nemi hakkinsa idan an saɓa alkawari? Na'urar da za ta riƙa auna wannan tana rubutawa da kanta ba ta fi ƙarfin ɗalibin aji uku ba. Akwai ɗan ƙaramin allo mai suna Arduino da aka ƙago a Italiya a 2005 domin ɗalibai, akwai manhajoji na kyauta irin su Linux, akwai ma jadawalin Excel da muke rainawa. Da waɗannan kaɗai za a maye gurbin littafin nan.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne Challawa, wurin majemu. Kakanninmu da bagaruwa suke jima, kuma fatar jan akuyar Sakkwato da ta bi ayari ta hamada ita ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko. Majemar zamani kuwa da sinadarai take aiki. Ana jiƙa fata a wanke gishiri, a sa farar ƙasa da wani sinadari a cire gashi, a tsoma ta cikin ruwa mai tsami, sa'an nan a juya ta cikin manyan ganguna tare da gishirin kuromiyom har ta fito shuɗi-shuɗi. Masana sun nuna cewa a irin wannan jima, kusan kashi ɗaya bisa uku na kuromiyom ɗin ba ya shiga fata, ruwa yake bi. Yawan abin da fata ke sha kuwa ya danganta ga tsamin ruwan da zafinsa da daɗewar juyawa, dukkansu abubuwan da ake aunawa ne. Wanda ya auna daidai ya rage sayen sinadarin da ake shigowa da shi da dala. Har wanda ya zube ana iya kwantar da shi a tace a sake aiki da shi.

Ina ruwan yake zuwa? Na Sharaɗa yana bin rafin Salanta, na Challawa yana gangarawa kogin Challawa, na Bompai kuma yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara. A gefen waɗannan rafuka manoman rani ke shuka latas da kabeji da alayyahu, mu kuma mu saya mu ci. Ruwa ba ya tsami banza. Wannan magana ce ta lafiyar 'ya'yanmu, kuma magana ce ta kasuwa, domin masu sayen fata a Turai suna ƙara tsananta tambaya kan yadda aka jeme ta. Muna da Cibiyar Fasahar Fata a Samaru ta Zariya, muna da sassan kimiyyar sinadarai da na kwamfuta a Jami'ar Bayero da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil. Abin mamaki, ɗalibin sinadarai ya je ya ɗebo ruwan Salanta a kwalba sau ɗaya, ya rubuta kundi, a ajiye a kan kanta ƙura ta rufe. Ɗalibin kwamfuta kuma ya rubuta manhajar rijistar ɗalibai irin wadda 'yan ajin gabansa suka riga suka rubuta. Ɗakunan karatunsu na kallon juna, amma ba su taɓa zama kan aiki guda ba.

Lalle wani zai ce, ina ƙirƙirarriyar basira, wadda ake ta maganarta tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022? Muna amfani da ita, kuma tana burge mu, ko da yake Hausarta takan yi tuntuɓe, ta kuma faɗi abin da babu shi ba tare da kunya ba. Ra'ayinmu shi ne, tana da aiki a Challawa. Darajar fata tana faɗuwa saboda yankan wuƙa wajen fiɗa, da tabon kaska, da ƙujewar ƙaya, kuma idon ƙwararre ne ke tantance su. Ana iya koya wa na'ura wannan da kyamara, amma sai an tara mata dubban hotunan fatunmu, an nuna mata wannan aibi ne, wannan lafiya. Ba wanda zai taso daga Kalifoniya ya yi mana wannan tari. Ga dattawan da suka shekara talatin suna shafa fata da hannu suna ta tsufa, ba wanda ya zauna da su ya rubuta abin da suka sani. Balle kuma kirgin shanu da muke cinyewa a matsayin ganda, wannan sai wani taron.

Yanzu ga namu laifin. Muna ƙyamar datti. Majema tana wari, masana'antar roba tana da zafi, injin yana toshe kunne. Hukumar ITF ta kafa shirin SIWES tun 1973 domin ɗalibi ya taɓa inji da hannunsa kafin ya gama karatu, amma da yawanmu muna neman ofis mai sanyi inda za a sa mana hannu a littafi mu tafi. Masu masana'antu su ma suna da nasu: wasu suna tsoron kwamfuta domin kada lissafi ya fito fili, wasu kuma an taɓa sayar musu da manhaja mai tsada daga waje, mai gyaranta yana Legas ko Indiya, ta lalace aka jingine. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai mun fara da ƙaramin abu mai arha da za su ga amfaninsa cikin wata guda.

Ku kuma yayyenmu na Sakatariyar Audu Baƙo da sauran ma'aikatu, fayil yana hannunku. Wanda ke ma'aikatar ciniki zai iya tara jerin masana'antun da ke aiki a waɗannan unguwanni uku, da abin da kowace ke yi, ya sa shi inda ɗalibi zai gani. Wanda ke ma'aikatar muhalli zai iya neman a riƙa auna ruwan Salanta da Getsi kowane wata, a buga sakamakon. Wannan ba ya bukatar sabon kwamiti ko tafiya taro Dubai.

Shawararmu ga ƙungiyar ɗalibai, mai girma shugaba, ita ce ta rubuta wa rassan Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Nijeriya da ke Bompai da Sharaɗa da Challawa kafin hutun ƙarshen zango, ta roƙi kowane reshe ya ba mu matsaloli biyar da ke damun membobinsa, a rubuce. Sa'an nan a kai wa shugabannin sassa, a raba wa 'yan ajin ƙarshe a matsayin aikin kundinsu, ɗalibin kwamfuta ɗaya tare da na injiniya ko na sinadarai ɗaya. Mu da muka kawo maganar mun ɗauki ta awon wuta da man dizal, kuma shugaban ma'aikatan nan na Sharaɗa ya yarda ya ara mana littafinsa mu kwafe. Masu sha'awa su ba sakataren ƙungiya sunayensu a bakin ƙofa.