Mura da Tari: Abin da Za Mu Iya Yi a Gida

 

Kowace shekara idan hunturu ya shigo, da wuya ka sami gidan da ba a tari. Allurar rigakafin mura da ake yi wa mutane duk shekara a Turai da Amurka ba ta kawowa ƙauyukanmu. Ko korona ma, ta shigo Nijeriya a Fabrairu 2020, amma allurarta ta farko sai a Maris 2021 ta iso Abuja, wajen miliyan 4, a ƙasar da mutanenta sun fi miliyan 200. Saboda haka a gida muka saba yin jinya. Abin da nake so mu gane shi ne inda maganin gida yake da amfani, da kuma inda ƙarfinsa ya ƙare.

Ƙwayar cutar da ke kawo mura, likitoci suna ce mata bairos. Kafso ɗin da muke saya a kemis, irin su Ampiclox, ba ya kashe ta ko kaɗan, asarar kuɗi ce kawai. Jiki ne da kansa yake yaƙi da ita, cikin kwana 7 zuwa 10, ko da yake tarin yakan ɗan daɗe. Aikinmu shi ne mu tallafa wa jikin.

A nan iyayenmu ba su yi kuskure ba. Ruwan ɗumi da citta da lemun tsami yana sanyaya maƙogwaro, yana kuma sa mutum ya sha ruwa da yawa, abin da mai zazzaɓi yake bukata ke nan. Kunu mai ɗumi ma haka. Zuma ƙaramin cokali ɗaya kafin a kwanta tana rage tarin dare, amma kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, domin tana iya sa masa wata cuta mai shanye jiki. Shi maganinsa nono ne, a ba shi a kai a kai, a share masa hanci da tsumma mai tsabta. Babba ya kurkure maƙogwaro da ruwan ɗumi kofi ɗaya da gishiri rabin ƙaramin cokali. Don zafin jiki a sha farasitamol, ban da asfirin ga yara.

Sirace kuwa, babba yana iya yi ya ji hancinsa ya buɗe. Amma a lulluɓe yaro da zane a kan tukunyar tafasasshen ruwa, wannan ban yarda da shi ba, ƙunar ta fi murar muni. Kada a kwana da garwashi a ɗaki a rufe ƙofa da taga; iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa. Kada kuma a kai yaro wurin wanzami a cire masa beli saboda tari. Belin ba shi da laifi, zubar jini da ƙazantar aska su ne masu illa. Wasunku za su tuna yadda aka yi ta neman tazargade a 2020, bayan shugaban Madagaska ya tallata wani tsimi da aka yi da ita. Ba a tabbatar tana warkar da korona ba.

Yanzu ga abin da ya fi komai. Mura takan sauka a huhu ta zama nimoniya, wadda muke kira sanyin haƙarƙari, ita kuwa citta ba ta yi mata komai. Yadda za ki gane, Mama, shi ne ki ɗaga rigar yaron lokacin da ba ya kuka, ki duba agogon waya, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif. Jaririn da bai kai wata 2 ba, idan ya yi 60 ko fiye, akwai haɗari. Daga wata 2 zuwa shekara ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa 5, 40. Haka kuma idan ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki sa'ad da ya ja numfashi, ko ya ƙi nono, ko yana jijjiga, ko tashinsa daga barci ya yi wuya. A ranar za a tafi asibiti, ba sai gari ya waye ba. Maigida, idan ta ce a kunna babur, a kunna.

Babban da ya wuce mako 2 yana tari ya je a gwada majinarsa don tarin fuka. Gwaji da magani kyauta ne a asibitin gwamnati. Allurar yara ta mako 6, 10 da 14, da ta ƙyanda a wata 9, suna kare huhu ƙwarai, su ma kyauta ne.

Waɗanda suka zo da goyo su matso gaba, mu gwada ƙirga numfashin tare kafin mu tashi.