Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Kimiyyar Sinadarai, Kwalejin Ilimi ta Gumel



 

Duk wanda ya ci kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya ga mai liƙin roba. Yakan sa ƙarfe a garwashi, ya goga a bakin tsagar bokiti, robar ta narke ta haɗe. Amma a miƙa masa tayar mota, sai dai ta ƙone. Robar bokiti zarurruka ne dogaye kwance kusa da juna, zafi na sa su zame. Na taya kuwa an ƙulle su da farar wuta, ƙullin da ba ya kwantuwa.

Masana sun daɗe suna neman robar da za ta haɗa ƙarfin taya da sauƙin gyaran bokiti. A 1928 Otto Diels da Kurt Alder na Jamus suka gano wani ƙulli tsakanin ƙwayoyin sinadari, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1950. A 2002 ayarin Fred Wudl a Amurka ya ƙera roba da wannan ƙulli, tsakanin sinadaran furan da malimid. Idan zafi ya haura digiri 120, kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙullin ya saki. Da robar ta huce ya koma, tsagar da ke jikinta ta warke.

Sirrin yana cikin siffar ƙwayar. Zoben furan ya fi natsuwa idan yana shi kaɗai, shi ya sa ɗan zafi ke sa ya balle. A sa sinadarin antarasin a gurbinsa, sai an kai wajen digiri 200. Wato mai ƙira ne ke zaɓar zafin da ƙullin zai saki, kuma a nan nake so ku 'ya'yanmu da ake yayewa yau ku sa ido, domin ƙullin da zai yi laushi a kan rufin kwano a bazarar Sule Tankarkar ba namu ba ne.

Furan ɗin nan daga totuwar masara da tukar rake ake samo shi. Gobe idan kun tsaya gaban allo a Gagarawa, ku shiga aji da totuwa a hannu kafin ku zana zoben.

Allah ya sa albarka a karatunku, ya mai da kowa gida lafiya.