Nawa Ne Fuloti a Shika? Rubutaccen Shirinmu na Wannan Makon

Ga masu ƙarancin data, ga shirin a rubuce kamar yadda muka saba.

Wani mai sauraronmu, ma'aikacin jinya, ya turo mana saƙo. Ya ce shekara huɗu yana adashi, yana son sayen fuloti a Shika kafin aurensa, ya tambayi dillalai uku kuɗin fili ɗaya, kowanne da abin da ya faɗa masa, kuma tsakanin na farko da na uku akwai kuɗin sabon babur. Tambayarsa ita ce: wai nawa ne ainihin kuɗin fuloti a Shika?

To ɗan'uwa, babu wanda zai ba ka amsa guda ɗaya, ko da mai filin ne da kansa. Bari in faɗa maka dalili.

Kwanaki ina hira da wani abokina da ke karatu a Ingila, yake nuna min abin da ya ba ni mamaki. A can, hukumar rajistar filaye tana ajiye kuɗin da aka sayar da kowane gida a Ingila da Wales tun daga 1995, kuma kowa zai iya dubawa a intanet kyauta. Ka sa sunan layi, sai ka ga nawa aka sayar da gidan maƙwabcinka da ranar da aka sayar. Dillali bai isa ya ƙara maka ko sisi ba tare da ka gane ba. Mu a nan ciniki a zaure ake gama shi. Daga mai saye, mai sayarwa, dillali, sai shaidu. Wanda ya sayar yana ƙara kuɗin idan yana ba da labari don kada a ce an cuce shi. Wanda ya saya yana ragewa don kada dangi su ce ya yi kuɗi. Shi kuma dillali la'adarsa daga cikin kuɗin take fitowa, to wane dalili zai sa ya faɗa maka ƙasa? Abin da muke kira farashi a Zariya, sau da yawa labari ne ya yi yawo har ya zauna.

Amma fa tsadar gaskiya ce, ba ƙirƙirar dillalai ba ce kawai. Ku dubi hanyar nan da ta taso daga Kwangila ta bi ta Palladan, Zango, Samaru, ta wuce Shika ta nufi Giwa da Funtuwa. Duk abin da ke jawo mutane kan wannan titin yake. Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 take Samaru. Ga cibiyar binciken noma ta IAR, ga NAPRI ta binciken dabbobi a Shika, ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama. Sai babban cikinsu ga maganarmu ta yau, Asibitin Koyarwa na ABU, wanda ya tare a mazauninsa na dindindin a Shika wajajen 2005. Kafin nan dattawa za su gaya muku Shika gonaki ne da shanu. Asibiti na zuwa, likitoci suka zo, ma'aikatan jinya, ɗaliban likitanci, masu kemis, masu abinci, da masu jinya daga Katsina da Zamfara da ke neman ɗakin da za su kwana na wata ɗaya ko biyu. Kowannensu sai ya sa haƙarƙarinsa a wani wuri. Gonar da a da ake lissafinta da buhun masara ta koma ana lissafinta da ƙafa hamsin da ɗari.

Ƙara da matsalar tsaro. Ƙauyukan ƙaramar hukumar Giwa, wadda Shika ke cikinta, sun sha fama da 'yan bindiga, iyalai da yawa suka matso kusa da titi da gari. Wannan ya raba kasuwar gida biyu: fili kusa da kwalta ya yi sama, wanda ke can ciki kuwa, komai girmansa, mutane suna ɗari-ɗari da shi. Don haka idan aka ce maka ga fuloti mai arha a Shika, tambaya ta farko ita ce, Shika ta ina?

Sai kuɗin gini. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki Naira, komai ya tashi. A farkon 2024 buhun siminti ya haura dubu goma. Rodi, kwano, tifar yashi, kuɗin birkila, babu wanda ya tsaya. Wannan ne ya sa kuke ganin kangwaye ko'ina daga Hayin Dogo zuwa Bomo, an kai linta an tsaya. Shi ne kuma ya sa mai tsohon gida ya ƙara kuɗin haya duk da bai sa ko bulo ɗaya ba, yana lissafin abin da zai kashe da a yau zai gina.

Masu cewa gina ɗakunan ɗalibai a Samaru riba ce ba asara, ku tuna 2022. ASUU ta shiga yajin aiki daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas. Ɗakuna a kulle, shaguna ba ciniki. Wanda ya ci bashi ya yi gini ya ji a jikinsa. Shika ba ta ji irin wannan zafin sosai ba, domin mara lafiya ba ya jiran a janye yajin aikin malamai. Ni a ganina wannan shi ne babban bambancin Shika da Samaru ga mai son zuba kuɗinsa. Sabon Gari kuma lissafinta daban ne, tsohuwar unguwa ce tun zuwan jirgin ƙasa, fili ya ƙare, sai dai ka sayi tsohon gida ka rushe, kuma kasuwa ce ke yanka farashi a can.

Yanzu mu zo inda mutane suka fi kuka, wato takarda. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Takardar da mai unguwa ko dagaci ya sa wa hannu tana da amfani, shaida ce cewa an yi ciniki, kuma su ne suka san tarihin gonar. Amma ba ita ce takardar mallaka ta gwamnati ba. A Jihar Kaduna, KADGIS ce ke da rajistar filaye tun zamanin El-Rufa'i. Duk wanda yake Zariya a 2021 ya tuna rusau na Graceland, inda aka rushe gidaje masu yawa bisa cewa filin na kwalejin jiragen sama ne. Gidaje ne gamammu, da iyalai a ciki. Yankinmu cike yake da filayen hukumomi, na jami'a, na asibiti, na NAPRI, na soja a Basawa, kuma ba kowane iyaka ne aka katange ba. Ciyawa ba ta gaya maka ta wane ne.

Ni kaina na taɓa kusa faɗawa. An kai ni wani fili, gonar gado ce aka yayyanka, babban wa ne ke sayarwa, har na yi tayi an sallama. Allah ya sa mahaifiyata ta ce, "Kai, ka ga 'yan'uwansa mata kuwa?" Na koma na bincika, ashe ba a raba gadon ba, ƙannensa biyu ma ba su san ana sayarwa ba. Wanda ya saya bayana har yanzu suna zaryar kotu.

To ɗan'uwa ma'aikacin jinya, ga abin da zan yi da ni ne kai. Ka bar tambayar dillalai, ka nemi mutum uku da suka saya a wannan layin cikin shekarar nan, ka same su ta hannun wanda suke jin kunya, limami ko abokin aiki, sai su faɗa maka gaskiyar abin da suka biya. Ka je ganin filin da damina, a watan Agusta, ba da rani ba, don ka ga inda ruwa ke kwanciya da ko mota tana shiga. Ka tambayi maƙwabta ƙafa nawa suka haƙa kafin rijiya ta kawo ruwa, saboda fili mai arha da sai ka yi bohol ba arha ba ne. Ka zauna da mai filin ido da ido, a yi maganar la'ada a gabansa. Idan gado ne, duk magada su sa hannu, mata da maza. Sannan ka ɗauko mai safiyo ya ɗauki lambobin filin a kai KADGIS a duba kafin ka biya, ba bayan ka biya ba. Za a ce maka wani Alhaji yana zuwa da kuɗi gobe. Ka ce Allah ya ba shi sa'a.

Kuma tunda albashi kake ɗauka, duba takardar albashinka ko ana cire maka kashi biyu da rabi na asusun gidaje na ƙasa, NHF. Idan ana cirewa, kana da damar neman lamunin gida ta Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, sai dai su ma takardar mallaka za su fara tambayarka.

Wanda ya sayi fili a Shika, Milgoma ko Bomo kwanan nan, ya rubuta mana a ƙasa: wace unguwa, wane girma, wace shekara, nawa ya biya. Ba sai ka sa sunanka ba, turo ta inbox mu wallafa. Mako mai zuwa za mu taɓa maganar haya da kuɗin "agreement" da ake ɗora wa ɗalibai a Samaru. Sai mun ji daga gare ku.